Tambaya da Amsa: Waya za ta iya kiwon tsutsar siliki a Daura?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗinkin babbar riga na gada, kuma zaren tsamiya ya yi wuya a hannunmu. Na ga bidiyon manoman Indiya suna kiwon tsutsar siliki, waya na nuna musu zafin ɗaki. Ina da fili kusa da dam ɗin Sabke. In sayi na'urar in fara? Daga wani ɗanka a Daura.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi albarka. Bari mu fara raba tsaki da tsakuwa. Zaren tsamiyar da kuke zuba aska takwas da shi, tsutsar daji ce ke saƙa shi, taron dangi suke yi cikin gida guda, mutane su je su ɗebo. Wadda ka gani a bidiyo daban ce. Ita 'yar gata ce, a ɗaki ake renonta, kuma ba ta cin komai sai ganyen wata bishiya mai suna malberi. China da Indiya ne kan gaba a wannan sana'a, har a garin Ramanagara na jihar Karnataka ta Indiya akwai babbar kasuwar da ake gwanjon ƙwanson zaren da take naɗe kanta da shi.

Na'urar ba tsafi ba ce. Ɗan ma'auni ne da ake ratayewa a bango, yana auna zafi da danshin iska ya turo waya, wani ma ya kunna fanka ko famfon feshi da kansa. Tsutsar tana son zafi tsakanin digiri 24 da 28, danshi kuwa kashi 70 zuwa 85 cikin ɗari. Ƙanana sun fi son ɗumi da laima, manya sun fi son iska. Kwana 25 zuwa 30 take yi tana ci, ta yi saɓa sau huɗu, sannan ta naɗe kanta da zare ɗaya tilo mai tsawon ɗaruruwan mita.

To ka dubi garinmu. Ni a nan Katsina na taɓa rataye irin ma'aunin a ɗakin kajina, ɗaki mai rufin kwano. A watan Afrilu ya haura 40, waya ta yi ta kuka a aljihuna, ba wuta, ba abin da na iya sai jiƙa buhunan garara na rataya a taga. Da hunturu kuma iska ta bushe ƙayau, ganyen da ka tsinko da safe kafin hantsi ya yanƙwane, tsutsa kuwa ba ta cin busasshen ganye. Na'ura za ta gaya maka ɗaki ya yi zafi, amma sanyayawa sai sola, ruwa da gini mai kauri. Soron ƙasa irin na kakanninmu ya fi kwano dacewa nesa ba kusa ba.

Kar ka manta da cuta. Tun 1865 masanin kimiyya Louis Pasteur ya duƙufa kan wadda ta kusa kashe sana'ar a Faransa, kuma ta ƙwai take bi, don haka sai ka san inda za ka samo iri mai lafiya, da wanda zai warware maka zaren.

Da ni ne kai, malberin zan fara dasawa tunda kana kusa da ruwa, don a makon ƙarshe tsutsa ke cinye mafi yawan ganye, babu ranar hutu. Ka sayi ƙaramin ma'auni mai batir, ka rataya a ɗakin da kake nufi, ka riƙa rubuta abin da ya nuna safe, azahar da dare. Ina kyautata zaton damina ce za ta fi ba ka dama. Bayan kaka ka turo mini littafin mu duba tare.