Likita, ƙwaya nawa zan iya sha a rana? Tambayoyinku a kan maganin kashe zafi

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan magungunan ciwon kai da ciwon jiki ne, irin waɗanda ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba. Na zaɓi shida.

Wani tela daga Zariya: Likita, barka da aiki. Kusan kullum da la'asar kaina yake ciwo, sai in sha Panadol biyu. In mura ta kama ni ina ƙarawa da Procold, wani lokacin kuma Boska in ciwon ya ƙi sauka. An ce min abin yana lalata hanta. Nawa ya kamata in sha?

Malam, ƙa'idar farasitamol ga babban mutum mai lafiya ita ce ƙwaya ɗaya ko biyu masu miligiram 500, a bar tazarar awa huɗu zuwa shida kafin a sake, kuma kada a wuce ƙwaya takwas, wato giram 4, cikin awa 24. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, ko mai shan giya, nasa ya yi ƙasa da haka, sai likita ya yanka masa. In an tsaya a kan wannan ma'auni, farasitamol yana cikin magungunan da suka fi sauƙin illa, bai cin ciki, bai tayar da hawan jini yadda 'yan'uwansa suke yi.

Abin da ya dame ni a saƙonka shi ne sunaye ukun da ka lissafa. Panadol farasitamol ne. Procold akwai farasitamol a cikinsa. Boska ma haka. Kai kana ganin magani uku ka sha don ciwo uku, hantarka kuwa abu ɗaya take karɓa sau uku. Yawancin waɗanda suke zarce ƙa'ida ba da gangan ba ta wannan hanyar suke zarcewa. Don haka kafin ka haɗa kowane magani biyu, juya kwalin ka duba ƙananan rubutun da ke ƙasan sunan. In ka ga paracetamol, ko acetaminophen a kan na Amurka, to ka sa shi cikin lissafin takwas ɗin nan.

Dalilin tsaurin ƙa'idar kuwa, hanta ce take sarrafa maganin, a wajen sarrafawar kuma wani ɗan kaso nasa yana komawa guba. Hanta tana da abin da take kashe gubar da shi, amma ajiyarta tana da iyaka. In magani ya yi yawa ajiyar ta ƙare, sai gubar ta fara cin naman hantar. Mugun abin shi ne ranar farko mutum zai iya jin garau, ko ɗan tashin zuciya kawai. Sai bayan kwana biyu ko uku ido ya yi ɗorawa, gefen dama na ciki ya ɗau ciwo. Akwai makari, sunansa acetylcysteine, kuma ya fi aiki in an ba da shi cikin awa takwas na farko. Duk wanda ya sha fiye da ƙima, ko yaro ya ɗauki kwalba ya kwankwaɗa, a tafi asibiti nan take da kwalin a hannu. Kada a tsaya jiran alama, kada kuma a ɗura masa manja ko madara a ce an karya dafin.

Sai batun "kusan kullum". Shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, na tsawon watanni, shi kansa yana haifar da ciwon kai, musamman mai sinadarin caffeine (irin na kofi) a ciki, wanda kwana 10 a wata ma ya isa. Mutumin da yake yini a kan keken ɗinki, ido a kan allura, ni da farko zan so a gwada idonsa, a auna jininsa, in kuma tambaye shi ruwan da yake sha da abincin rana. Ka je a duba waɗannan.

Wani ɗan dako daga kasuwar Dawanau: Likita, aikin ƙarfi nake yi. Kowane dare nakan je kemis a haɗa min na ciwon jiki, ƙwaya biyar ko shida a ƙullin leda. Yanzu ƙirjina yana zafi, kwana biyu kuma bayan gidana baƙi ne ƙirin. Shawara ce?

Ɗan'uwa, ba shawara ba ce. Ka daina shan haɗin nan daga yau, kuma yau ɗin nan ka je asibiti. Bayan gida baƙi mai danƙo kamar kwalta alama ce ta jini yana zuba a cikin tumbi ko farkon hanji. In jiri ya biyo baya, ko ka yi aman jini, ko aman abu baƙi-baƙi, to sashen gaggawa za a kai ka ko da tsakar dare ne.

Ga abin da yake faruwa. A irin wannan ƙullin yawanci akwai diclofenac, ko ibuprofen, ko piroxicam da aka fi sani da Felvin, sau da yawa ma biyu daga cikinsu tare. Dangi ɗaya ne su da asfirin. Suna kashe zafi ne ta hanyar toshe wani sinadari da jiki yake samarwa a wurin da ya kumbura. To wannan sinadarin shi ne kuma yake sa tumbi ya yi majinar da ke kare shi daga ruwan tsamin da yake narka abinci, shi ne kuma yake taimaka wa jini ya isa ƙoda. Ka toshe shi kowane dare, tumbi ya zauna ba kariya, gyambo ya fito. Haɗa biyu daga dangin ba ya ƙara kashe zafi, illar ce kawai take ninkuwa. Wasu masu haɗin suna jefa prednisolone ko dexamethasone a ciki don mutum ya tashi da safe yana jin ƙarfi, su kuma suna ƙara haɗarin zubar jinin, ga kumburin fuska da tayar da suga.

Ƙoda ma tana cikin hatsari. Mai ɗaukar buhu a zafin watan Afrilu, ya yi gumi yini guda bai sha isasshen ruwa ba, sannan ya kwanta da diclofenac, ya haɗa wa ƙodarsa ƙishirwa biyu. Ka roƙi a yi maka gwajin ƙoda tare da na jini.

Ni ra'ayina a kan haɗi a fili yake: duk ƙwayar da aka ɓare daga mazubinta aka ƙulla a leda, ba suna ba kwanan wata, bai kamata a sha ta ba, ko wane ne ya haɗa. In kuma akwai tiramadol a ciki, wannan ba maganin saye kai tsaye ba ne, yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, yana kuma jawo farfaɗiya. Gaya wa likitan da zai duba ka gaskiya, ba kama ka zai yi ba.

Wata uwa daga Funtuwa: Likita, ɗana ɗan shekara biyu ne. In ya yi zazzaɓi ina ba shi cokali ɗaya na ruwan farasitamol, sai in ga bai sauka ba. Kakarsa ta ce in jiƙa masa ɗan Alabukun.

Maman yaro, a ba Hajiya haƙuri, Alabukun kam a'a. Asfirin ne da caffeine a cikinsa, asfirin kuwa ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba sai da umarnin likita, saboda wata cuta da ake kira Reye mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Ba ta da yawa, amma tana kisa.

Maganin yaro da nauyinsa ake aunawa, ba da shekaru ba: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo. A ce ɗanki kilo 12 ne, zai iya shan har miligiram 180. In kwalbarki mai miligiram 120 ce a kowane mil 5, to mil 7 da rabi kenan, sau huɗu a awa 24 shi ne iyaka. Kin ga mai yiwuwa cokali ɗayan da kike ba shi ya yi masa kaɗan. Cokulan gida kuma ba girmansu ɗaya ba, ki yi amfani da ɗan kofin da yake zuwa da kwalbar, ko ki sayi sirinji ki cire allurar ki riƙa aunawa. Ki lura, na ɗigawa da ake yi wa jarirai ya fi na cokali ƙarfi sosai, ba ma'auninsu ɗaya ba.

Farasitamol zafin jiki kawai yake saukarwa, ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Yaron da ya yi zazzaɓi a yi masa gwajin jinin yatsa a ranar. In ya ƙi shan komai, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko ya yi jijjiga, ko barci ya yi masa nauyi, asibiti kai tsaye. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, duk zazzaɓinsa na asibiti ne.

Ki kuma kula da inda kike saye. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda aka gurɓata da sinadarin diethylene glycol, ya yi ajalin yara 84 a Najeriya ta hanyar kashe musu ƙoda. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki guji na masu talla a tasha da ke yini a rana.

Wata mai juna biyu daga Maraɗi: Cikina wata shida, bayana yana ciwo. Zan iya shan ibuprofen?

Kada ki sha, ƙanwata. Daga mako na 20 ibuprofen da diclofenac suna iya rage ruwan da jariri yake kwance a ciki, a watannin ƙarshe kuma suna iya rufe wata jijiya a zuciyarsa kafin lokacinta. Farasitamol shi ne zaɓi, a kan ƙa'ida, na 'yan kwanaki. Amma in a wurin awo aka rubuta miki ƙaramin asfirin don kariya daga hawan jinin masu ciki, wannan daban ne, ki ci gaba da shi. Ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi ko kumburin fuska kuwa ba na Panadol ba ne, a auna jininki a ranar.

Wata ɗaliba daga Katsina: Ina shan ibuprofen duk wata saboda ciwon mara. Ƙawayena sun ce zai hana ni haihuwa.

Shan kwana biyu ko uku lokacin al'ada ba ya hana haihuwa. Ga ciwon mara ma ya fi farasitamol aiki, domin sinadarin da yake toshewa shi ne mai sa mahaifa murɗawa. Miligiram 200 zuwa 400, bayan cin abinci, sau uku a rana, kada ki wuce 1,200. Ya fi tasiri in kin fara da zarar ciwon ya soma, ba sai ya kwantar da ke ba. In kina da olsa, ko asmar da irin wannan magani yake tayarwa, ki bar shi. In kuma ciwon yana hana ki zuwa aji duk wata duk da maganin, ki ga likitan mata a yi hoto.

Wani dattijo daga Gusau: Likita, shekaruna 68, ina shan maganin hawan jini, lisinopril da wata ƙaramar ƙwaya mai sa fitsari. Gwiwoyina sun matsa min, sallah ma a zaune nake yi. Diclofenac ne kaɗai yake min aiki, kullum nake sha, har ranakun azumin Litinin da Alhamis da sahur.

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Waɗannan ukun da kuka haɗa, lisinopril da mai sa fitsari da diclofenac, haɗi ne da likitoci suke tsoro, domin kowannensu ta nasa ɓangaren yana rage wa ƙoda ƙarfin tacewa, ranar azumi kuma ga rashin ruwa a kai. Diclofenac yana kuma tayar da jinin da kuke ƙoƙarin saukarwa, yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Maganin hawan jinin kada ku taɓa shi, diclofenac ɗin za a ajiye.

A madadinsa ku gwada na shafawa, akwai diclofenac na man shafawa da ake murzawa a gwiwa, abin da yake shiga jini daga gare shi kaɗan ne ƙwarai. Ku haɗa da farasitamol a kan ƙa'ida, da gasa gwiwar da ruwan ɗumi, da motsa ƙafa don cinya ta yi ƙarfi, da sanda in za a yi tafiya mai nisa. A wannan makon ku sa ɗaya daga cikin yaran ya raka ku asibiti da duk kwalayen magungunan a jaka, a yi gwajin ƙoda da na fitsari, a sake auna jinin bayan mako biyu da barin ƙwayar.