Amsa ga ɗan'uwa mai tambaya kan harafin 庆 na Sinanci

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka fara koyon Sinanci, ka ci karo da harafin 庆, ƙamus ya ce maka ma'anarsa yin biki, kana kuma so ka sa shi a saƙo ka taya mai ba ka kaya a Guangzhou murnar sabon shagonsa. Na yi karatu a ƙasar, daga baya na yi shekaru ina tafinta ga mutanenmu masu zuwa sari, to ga abin da na sani. Da farko dai ka dakata da saƙon nan, don ba da 庆 ake ce wa mutum barka ba. Zan zo kan dalili.

Mu fara da baki. Da haruffan boko ana rubuta shi qìng, amma kada q ɗin ya ruɗe ka, ba "k" ba ne. Ya fi kusa da "c" ɗinmu na "ciki", sai dai ka sake masa iska kaɗan, ka ce "cing". Abin da ke kayar da mutane shi ne karin sauti, kuma a nan Bahaushe ya fi Bature sa'a, don tun muna goye muke da shi. Faɗi "kai" na jiki, ko "mai" na miya, ka saurari yadda muryarka ke gangarowa daga sama. Wannan gangarowar ita ce sauti na huɗu cikin karin sauti huɗu na Sinanci, sai dai ta Sinanci ta fi kaifi da gajarta. In ka bar muryar a sama ka ce qīng, kamar na 清真, wato halal, da za ka gani a ƙofar gidajen abincin Musulmi. In ta hau sama ka ce qíng na 情, abin da ake ji a zuciya. In ta nutsa ka ce qǐng, 请, "don Allah". Kalmomi huɗu ne daban, kuma Basine ba ya jin su a matsayin abu ɗaya.

Rubutunsa ja shida ne kawai. Ɗigo a sama, layi a kwance, sai dogon ja da ke gangarawa hagu, ka sami 广, kamar rumfa mai bango ɗaya. A ƙarƙashinta ka zaunar da 大, "babba": a kwance, hagu, dama. Wasu malamai kan ce wa ɗalibai su tuna da babban taro a ƙarƙashin rumfa. Dabarar hadda ce, ba asalin harafin ba, amma tana aiki.

Ka kula da ɗigon nan sosai. Akwai wani harafi, 厌, yàn, mai nufin ƙi ko gundura, wanda ke cikin 讨厌, kalmar da ake faɗa in abu ya ishi mutum. Bambancinsu ɗigo ɗaya ne: a 庆 yana kan rumfa, a 厌 ya sauko ya tsaya a kafaɗar 大 ta dama. A shekarata ta farko mun haɗa kati don bikin cikar makarantarmu shekaru, wani ɗan ajinmu ya rubuta 校庆, bikin cikar makaranta shekaru, ya sauke ɗigon ƙasa. Malamarmu ta ɗauki jan biro ta zagaye wurin, ta ɗaga katin kowa ya gani, ta ce ɗigon nan shi ne tsakanin murna da ƙiyayya. Tun ranar ban sake rubuta harafin ba tare da na fara da ɗigon ba.

Tsohon rubutunsa shi ne 慶, ja goma sha biyar, kuma har yau shi ake rubutawa a Taiwan da Hong Kong da Macau. Gajeren ya fito ne daga gyaran rubutu da gwamnatin Sin ta fara a 1956. Ni dai tsohon ya fi kwanta mini a rai. Sama alamar barewa ce, tsakiya 心, zuciya, ƙasa kuma alamar ƙafa mai tafiya. Tsohon ƙamus na Shuowen Jiezi, wanda Xu Shen ya rubuta wajen shekara ta 100 miladiyya, ya fassara shi da zuwa taya mutum murna, ya ce barewa ta shigo ne don fatarta ake kai wa kyauta a lokutan alheri. Ka tashi da ƙafarka, da zuciya ɗaya, da abin hannu. Duk wanda ya taɓa zuwa barkar haihuwa da turmin atamfa a leda ya san wannan.

Yanzu ga inda za ka riƙa haɗuwa da shi. Da wuya ya tsaya shi kaɗai, kusan kullum da abokin tafiya. Wanda ya fi yawa 庆祝, qìngzhù, yin bikin wani abu. Duk jan ƙyallen da aka rataya a ƙofar masana'anta ko makaranta, in ka duba sau da yawa da 热烈庆祝 ya fara, wato muna bikin kaza da farin ciki. A kasuwa za ka ga 店庆 ko 周年庆, shago ya cika shekara, kuma ga ɗan kasuwa wannan na nufin an karya farashi. 婚庆 kuwa masu shirya bikin aure ne. Akwai kuma 庆幸, wanda ba biki ba ne sam, hamdala ce ta wanda ya tsallake rijiya da baya.

Babbansu 国庆节, Guóqìng jié, ranar ƙasa. A 1 ga Oktoba 1949 Mao Zedong ya yi shelar kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a Tiananmen, mu kuma Najeriya 1 ga Oktoba 1960 muka sami 'yanci. Rana ɗaya. Ban taɓa faɗa wa Basine wannan bai saki fuska ba, kuma hira da yawa ta nan na buɗe ta.

Har a taswira yana nan. Chongqing, 重庆, ma'anarsa murna biyu, domin a 1189 yarima Zhao Dun na daular Song, wanda aka ba sarautar yankin, ya hau gadon sarautar ƙasa, sai aka sa wa garin wannan suna. Ka lura 重 a nan chóng ake karanta shi, ba zhòng ba. Daqing kuma, 大庆, a lardin Heilongjiang, a Satumbar 1959 aka haƙo mai a wurin, kwanaki kaɗan kafin bikin cika shekara goma da kafa ƙasa, shi ya sa aka kira shi babban biki.

To mu koma kan saƙonka. A Hausa ma "yin biki" daban, "barka" daban, "Allah ya sanya alheri" daban. Haka Sinanci ya raba su. 庆祝 abin da ake yi ne: a taru, a ci, a kunna fitilu, kuma abin da ke biye masa lamari ne, ba mutum ba. Ana 庆祝 sabuwar shekara, ana 庆祝 nasara. In ka rubuta 庆你 kana nufin "barkanka", ba Sinanci ba ne. Barka ita ce 恭喜, gōngxǐ, ko 祝贺 in kana son ta hukuma. Fatan alheri kuma da 祝 ake fara shi, kamar 祝你生日快乐, fatan farin ciki a ranar haihuwa.

Wani abin da littafi ba ya saurin faɗa maka: a hirar yau da kullum mutane sun fi cewa 过, guò, in suna nufin yin biki. 过年 na sabuwar shekara, 过生日 na ranar haihuwa, 过节 na ranar biki irin sallah. Wata ƙaramar sallah na fito daga idi a Guangzhou da babbar riga, mai sayar da 'ya'yan itace a layinmu ta tsare ni da tambaya, 你们怎么过节, yaya kuke bikinku? Ba ta ce qìngzhù ba. Na gaya mata 开斋节 ne, Kāizhāi jié, bikin buɗe baki bayan azumi. Babbar sallah kuma 古尔邦节 suke cewa. Ta ƙara mini lemu biyu a leda, ta ce 节日快乐, kamar a ce barka da sallah.

Ga abin da za ka tura wa mutuminka: 恭喜开业，祝您生意兴隆！Karatunsa gōngxǐ kāiyè, zhù nín shēngyì xīnglóng, wato barka da buɗe shago, ina maka fatan kasuwa ta yi albarka. Na sa 您 maimakon 你 don girmamawa, tunda ka ce ya girme ka. In a waya kake nema, kada ka buga qing kaɗai, haruffa za su cika maka ido. Buga qingzhu gaba ɗaya, zai fito a sahun farko.

Tunda kuma harkar kaya ce ta haɗa ku, ka sa wannan a lissafi: hutun 国庆 kwana bakwai ne daga 1 ga Oktoba, wata shekarar takwas in ya haɗu da bikin tsakiyar kaka. Ofisoshi da masana'antu da yawa sukan rufe, lodi ya tsaya. Duk abin da kake so a ɗora maka, ka kammala biya da magana tun tsakiyar Satumba. Ranar 1 ga wata kuma ka tura masa 国庆节快乐, barka da ranar ƙasa, ka ƙara da cewa ku ma yau ne naku.