Suraiya da zamanin da jaruma ke waƙa da bakinta

Ɗana,

Na ga saƙonka. Ka ce kun yi gardama da abokanka kan ko tun fil azal al'adar fim ɗin Indiya ce jaruma ta riƙa motsa baki wata na rera mata waƙa a ɓoye, kamar yadda 'yan fim ɗinmu na Kano suka ɗauko. To, ba haka aka faro ba. Da fim mai magana ya shigo Indiya a 1931, a gaban kyamara ake rerawa, makaɗa na laɓe a gefe. Sai a 1935 aka fara naɗar waƙa daban a Kalkata, kuma har bayan nan an daɗe ana ji da mai murya.

Ka dubi Suraiya, jarumar fim ɗin Indiya kuma mawaƙiya, wadda aka haifa a 1929. Ita kanta da ara wa wata murya ta fara suna. Ba ta wuce shekara 13 ba mai kiɗa Naushad ya sa ta rera wa jaruma Mehtab waƙa a fim ɗin Sharda, sai da aka ɗora ta kan kujera kafin bakinta ya kai makirufo. Da ta girma ta haɗa biyun, fuska tata, murya tata. A 1948 da 1949 samari cincirindo suke a ƙofar gidansu a Bombay don su hango ta kawai.

A 1949 ɗin ne muryar mawaƙiya Lata Mangeshkar ta game ƙasa, masu shirya fim suka ga ai ya fi sauƙi a zaɓi kyakkyawa daban, mai zaƙin murya daban. Ni dai har gobe ina ganin an yi asara. Na kalli fim ɗin Suraiya mai suna Mirza Ghalib na 1954 a kaset ya fi a ƙirga. Ita ma naɗa ake yi tukuna, amma inda muryar ta ja numfashi nan kafaɗarta ke ɗagawa, inda ta raunana nan idonta ke sauka, don ta san abin da ta ji lokacin da take rerawa.

Ta so jarumin fim Dev Anand, kakarta ta hana saboda ita Musulma ce shi Hindu. Ba ta yi aure ba har ta rasu a Janairun 2004, shekara 41 ke nan da barin fim.

Kaset ɗin na nan cikin akwatina, in ka zo hutu sai mu nemi na'urar da za ta ɗauke shi. Ka gaida mahaifiyarka.

Kawunka