Mu 41 ne a ofis amma ko aiki ɗaya bai ƙare ba, ina na yi kuskure?

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ina aiki ne a sashen tsare-tsare na wata babbar ma'aikata da ke da ayyuka a ƙauyukan Jigawa, daga wajen Ringim har Haɗejia. Bana an ba mu ayyuka 24, burtsatse mai sola 14, bulok na ajujuwa 6, kwalbati 4. Duka a watan Fabrairu aka ƙaddamar da su, ga shi muna cikin Agusta ko ɗaya ba a miƙa ba. Mu 41 ne a sashen, amma injiniya biyu ne kawai ke sa hannu kafin a biya ɗan kwangila, Hilux ɗaya ce kuma ke tashi. Oga ya ce mutum 41 ba su da wani uzuri, ya kawo wani kwansaltan da ya ce matsalar mutane na zaune ne, a cika jadawalin kowa ɗari bisa ɗari, a kuma ɗauko 'yan wucin gadi 15. Ni na rubuta tsarin aikin, har an fara maganar takardar tuhuma. Wallahi ba na iya barci. Ina na yi kuskure?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kwantar da hankalinka tukunna, abin da ka rubuto ɗin nan yana da gyara, kuma amsar tana cikin tambayar taka, ka faɗe ta da kanka: injiniya biyu, mota ɗaya. Ƙarfin sashenku kenan. Sauran 39 ɗin suna da amfaninsu, akwai akanta, akwai mai rubuta rahoto, akwai mai zama da dagaci da kwamitin gari, amma babu ɗaya a cikinsu da zai tsaya kan ramin kwalbati ya ce rodin nan ya yi a zuba kankare. Kuskurenka, in ma kuskure za a kira shi, shi ne ka yarda aka lissafa ƙarfi da yawan sunaye a takardar albashi.

Bari mu yi lissafi a tsaye. Bulok na aji sai injiniya ya je ranar aune, ya je fandisho, ya je kafin a zuba daɓe, ya je linta, ya je rufi, ya koma duba na ƙarshe, in an samu gyara kuma ya sake komawa. Burtsatse kuwa akwai binciken ƙasa, akwai kwanakin haƙa da ya kamata a ce yana tsaye yana ganin zurfi da bututun da ake sakawa, akwai gwajin ruwa, ginin ƙafar tanki, sai ɗora sola. Ka ɗauka zuwa bakwai-bakwai ne a kan kowane aiki, 24 sau 7 ya ba ka 168. Daga farkon Fabrairu zuwa ƙarshen Mayu sati 17 ne, in ka cire Juma'a da ba a yin tafiya mai nisa, kwana huɗu a sati, 68 kenan. Ko da kullum motar na haɗa wuri biyu a tafiya ɗaya, kwana 84 ake buƙata, kana da 68, kuma ban cire ranar da take wajen bakanike ba, ban cire ranar da oga ya tafi da ita Dutse mitin ba, ban cire hutun sallah ba, ban cire ranar da bawucan mai ya maƙale a tebur ba. Kaga tun ranar da aka yanka ƙyallen ƙaddamarwa aikin nan ba mai ƙarewa ba ne kafin ruwa ya sauka.

Toh yanzu zancen kwansaltan, wanda shi ne abin da ya fi ɓata min rai a saƙon nan, domin kusan duk ofis ɗin da na shiga sai na tarar da wannan aƙidar zaune daram: wai matuƙar an ga ma'aikaci bai cika da aiki ba to asara ake yi, sai a ɗora masa har wuya. Wallahi ƙanena wannan fahimtar ta kashe ayyuka da yawa a ƙauyukanmu, kuma masu yaɗa ta mutane ne da ke zuwa da kwamfuta da jadawali mai launi-launi, ba su taɓa kwana a bakin injin haƙa ba.

Je ka injin niƙa na garinku ka tsaya ka gani. Ranar da mai injin ke samun sarari tsakanin kwarya da kwarya, yarinya na zuwa za a niƙa mata ta wuce. Ranar jajiberin sallah kuwa injin ba ya hutawa ko minti ɗaya, toh ranar ne za ka ga kwanuka jere har bakin titi, wadda ta kawo da hantsi sai la'asar. Injin ya cika ɗari bisa ɗari, mai injin ya ji daɗi, amma kowa jira yake. Masu ilimin lissafin layi sun daɗe da auna wannan: a mafi sauƙin misali, inda aiki ke zuwa ba tsari, in mai hidima ɗaya yana cike kashi 50, jiranka a layi ya kai kwatankwacin tsawon hidima ɗaya. In ya kai kashi 80, jiran ya ninka huɗu. Kashi 90, tara. Kashi 95, sha tara. Duba yadda abin ke tashi sama lokaci guda daga 80 zuwa gaba. Injiniyoyinku biyu su ne injin niƙan, 'yan kwangila 24 su ne kwanukan, kuma injiniyoyin sun riga sun wuce kashi ɗari ma, shi ne wani ya zo yana cewa a ƙara cika su.

Kuma jiran ɗan kwangila ba irin jiran yarinya da kwarya ba ne. Mutum ya ɗaure rodi, ya kawo siminti da tsakuwa, birkila da leburori na zaune yana biyansu, injiniya ya ce sai sati mai zuwa. Abu biyu ne zai yi. Ko ya kwashe mutanensa ya tafi wani aikin, ka yi wata ba ka gan shi ba, ko kuma ya zuba kankaren ba tare da kowa ya ga abin da ke ciki ba. Na biyun ne ke ba ni tsoro. A wani wuri da na taɓa aiki mun yi haka da wani kwalbati, aka zuba ba a duba ba saboda mota na wani gari, aka sa hannu daga baya a ofis, ruwan Agusta na farko ya ɗauke rabinsa, hanyar da mata ke bi zuwa asibiti ta yanke har kaka. Har yau abin na raina. Ba wanda ya yi zaman banza a shekarar nan, kowa a guje yake, gudun ne ma ya jawo.

Sannan cika jadawali yana tafiya ne da ɗan'uwansa, wato fara komai a lokaci guda, don kowane kansila da kowane hakimi ya ga an kafa allo a yankinsa. Na san matsin da ke bayan wannan, ba sai an faɗa min ba. Amma dubi lissafin: ayyuka uku, kowanne na buƙatar kwana 10 na injiniya. In ya bi su ɗaya bayan ɗaya, gari na farko ya sha ruwa a kwana na 10, na biyu a 20, na uku a 30. In ya rarraba kansa, yau nan gobe can, duka ukun sai wajen kwana na 28 zuwa 30 za su ƙare, ko gari ɗaya bai ci riba ba, biyu sun yi asara, ban ma saka awannin da hanya ke cinyewa ba. Telan da ya yanka yadi sittin gaba ɗaya cikin azumi, kowa ya san yadda safiyar sallah ke kasancewa a ƙofar shagonsa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle 24.

'Yan wucin gadi 15 ɗin kuma, tambaya ɗaya: a cikinsu akwai mai ikon sa hannu? Akwai mai zuwa da mota? In babu, to an ƙara wa injiniya biyun nan mutum 15 da za su koyar, su duba aikinsu, su amsa wayarsu. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a kamfanin IBM, tun 1975 ya rubuta cewa ƙara mutane a aikin da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi. Maganarsa kan aikin ƙwararru ce. In haƙar rami ne ko ɗiban yashi, ƙara hannu na taimakawa, ba musu. Naku ba a nan ya maƙale ba. Kuɗin alawus ɗin mutum 15 a yi hayar mota ta biyu da shi, a gyara wadda ke kwance, a ɗauko injiniya ɗaya mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, na wata shida a ba shi ikon sa hannu a rubuce.

Abin da za ka yi daga yanzu. Ba sai ka sayi wata manhaja ta musamman ba, Excel ya isa, takardar kwali ma ta isa. Ka jera ayyukan 24, gaban kowanne ka rubuta zuwa nawa ya rage wa injiniya, ka tara. A gefe ka rubuta kwanakin mota da na injiniya na gaskiya daga yau zuwa Disamba, ka ɗauki kashi 75 zuwa 80 kawai ka tsara aiki a kai, sauran ka bar shi sarari, domin rasuwa za a yi, mota za ta lalace, za a kira taron bita ba shiri. Daga nan ka zaɓi biyar ko shida da suka fi kusa da ƙarewa, kuma waɗanda ke kan hanya ɗaya, a gama su a miƙa, sai a buɗe na gaba. Sauran a dakatar da su a hukumance, da takarda, a sanar da ɗan kwangila da dagaci watan da za a dawo.

Ka saka yanayi a lissafin, wannan ƙasar ba a tsara mata aiki kamar watanni 12 duka iri ɗaya ne. Daga Yuni leburorinka na gona, Oktoba suna yankan riɗi da girbin gero da shinkafa. Yankin da ka ambata kogin Haɗejia ne ke ratsa shi, ruwan madatsun Tiga da Challawa ta nan yake bi, wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san akwai garuruwan Auyo da Kafin Hausa da Ringim da tifa ba ta isa shiga ba a irin wannan lokacin. Kwalbati huɗun nan a bar su sai ruwa ya janye. Burtsatsen da ba a haƙa ba ma gara a jira rani, domin gwajin ruwan da aka yi cikin damina yana iya yaudararka, Afrilu na zuwa famfo ya fara tari. Yanzu lokacin ajujuwan da aka riga aka rufa ne, filasta, ƙofofi, fenti, da ɗora sola kan rijiyoyin da aka gama haƙawa. Ranar kasuwa ma ka lura da ita, Lahadi Gujungu, Alhamis Maigatari, kada ka sa zaman kwamitin gari a ranar da rabin garin ya tafi cin kasuwa.

Ga manyanmu masu ba da umarni kuma, don Allah a ji tsoron Allah. Dukiyar nan amana ce, kuma allo 24 da aka kafa a bakin hanya ba ya shayar da kowa. Yaran da ke tura kura da jarkoki tun asuba maimakon makaranta, su ne ke biyan kuɗin wannan jinkirin. Yaron da ya kawo muku lissafi ya ce ranka ya daɗe ba zai yiwu ba, ku saurare shi, taimakonku yake yi, kada a huce a kansa da takardar tuhuma saboda hukuncin da aka yanke sama da shi.

Kai kuma ƙanena, kada ka shiga ofishin oga da gardama ko a gaban mutane. Ka same shi shi kaɗai, da shafi ɗaya tak: zuwa 168 da ake buƙata a sama, kwana 68 na mota a ƙasansa, sai jerin shidan da za a iya miƙawa kafin ƙarshen Oktoba in an ba da mota ta biyu, da ranar kowanne. Ka kai kwafi a saka a fayil a buga masa hatimin karɓa, ka riƙe naka. In ka cika jadawalin ka turo min adadin zuwan da ya rage a kowane aiki da nisan garuruwan daga ofis, mu duba tare waɗanne shida za a fara da su.