Da Gaske Ne Ana Wanko Ɗanyen Mai Da Sabulu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Jos. Wani ɗalibina ya tambaye ni ko gaskiya ne ana zuba sabulu a rijiyar man da ta ƙafe domin ta ci gaba da bayar da mai, na kuwa rasa gamsasshiyar amsa. Ina neman ƙarin haske.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗalibinka ya ji gaskiya, sai dai batun ƙafewar ne ke da gyara. Ɗanyen mai ba kwance yake a ƙarƙashin ƙasa kamar tafki ba, yana cikin 'yan mitsi-mitsin kofofin dutse ne, yadda ruwa ke zama a cikin soso. Da farko matsin da ke can ƙasa ne ke turo shi sama, idan matsin ya ja baya sai a riƙa ɗura ruwa ta wata rijiya domin ya koro man zuwa wata. Duk da haka, abin da ake samu galibi bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, sauran na nan maƙale.

Dubi kwanon da aka ci alale da manja. Ko tulu guda ka juye masa, ruwan zai zame ta kan maiƙon ya wuce, amma da zarar sabulu ya shiga sai maiƙon ya saki. Aikin da sinadaran dangin sabulu, waɗanda masana ke kira safaktan, suke yi ke nan: suna karya ƙiyayyar da ke tsakanin ruwa da mai, har ɗigon da ya toshe a maƙogwaron kofa ya samu ya sulale.

Sai dai sakin mai daban, koro shi daban. Tsinkakken ruwa ba ya tafiya sahu ɗaya, inda ya samu sauƙi nan yake bi, kamar ruwan damina da ke yanka kwazazzabo a gangaren dutse ya bar gefe a bushe. Shi ya sa ake bin sabulun da folima, wani gari da ke sa ruwa kauri da yauƙi tamkar miyar karkashi; folimar da aka fi amfani da ita kuwa ita ce foliyakrilamaid. Ruwa mai kauri yakan tafi a hankali, yana share dutsen baki ɗaya. Filin mai na Daqing a ƙasar Sin, wanda aka gano a 1959, ya rungumi wannan dabara ta kaurara ruwa da folima gadan-gadan tun 1996, kuma Oman ma tana yi a filin Marmul.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Dutse yana shanye wani kaso na sabulun kafin ya kai ga man, gishiri da zafin ƙasa kuma suna tsinka folimar, don haka kowane fili sai an haɗa masa nasa gaurayen a ɗakin gwaji, kuma idan farashin ganga ya faɗi, riba ba ta biyan wahala. A ganina tsofaffin filayen Neja Delta, inda aka fara samun mai a Oloibiri tun 1956, sun cancanci a gwada musu ita da gaske.

Domin ajinka, Malam, ka huda gindin robar ruwa, ka cika ta da yashin da aka cuɗa da manja, ka zuba ruwa zalla, sannan ka bi shi da ruwan omo, yara su kwatanta abin da ya tsiyayo a kofuna biyun.