Amsa: Yadda za ka ji labarin ECOMOG daga bakin Baba

Ka ce mahaifinka ya tuƙa jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet a rundunar ECOMOG, wato dakarun kiyaye zaman lafiya na ƙasashen Afirka ta Yamma da aka tura yaƙin basasar Laberiya, amma da ka ɗauko zancen Laberiya sai ya yi gum. Kada ka fara da tambayar bama-bamai ko waɗanda suka mutu. Roƙe shi ya fito da littafin da matuƙa ke rubuta kowane tashi a ciki, ku buɗe tare, ka tambaye shi zaman sansani: filin jirgin Lungi na Saliyo inda jiragen ke tashi zuwa Laberiya, abin da suke ci, ruwan damina mai hana tashi, makanikan da ke kwana ƙarƙashin fiffike da tocila suna gyara.

Kawuna ma tsohon sojan sama ne, kuma bakinsa ba ya buɗewa sai an ambaci abokan aikinsa. Sunan mutum ɗaya kan jawo hira har la'asar. Sai dai in kun iso Oktoban 1992, lokacin da mayaƙan madugun 'yan tawaye Charles Taylor suka afka wa Monrobiya, babban birnin Laberiya, ka ga Baba ya rufe littafin, to ƙyale shi ranar, kada ka matsa. Kuma nemi izininsa kafin ka naɗi muryarsa a waya.