Tambaya da Amsa: Ƙaramar Kyamara Marar Madubi a Ƙurar Sakkwato

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni mai ɗaukar hoto ne a unguwar Mabera da ke Sakkwato, kuma mafi yawan aikina na biki ne da suna da walimar saukar karatu. Ina aiki da tsohuwar kyamarar Canon mai madubi tare da gilasai uku da na daɗe ina tarawa. Abokan sana'a suna ta komawa ga ƙananan kyamarorin nan marasa madubi, wasu har suna cewa an bar ni a tasha. Shin in sayar da kayana gaba ɗaya in sayi sabuwa? Kuma gilasaina za su hau kanta?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta zo a kan gaɓa, domin makonni biyu ke nan ina yawo da ɗaya daga cikin irin waɗannan kyamarori, wadda wani aboki ya ara mini tare da gilasai biyu. Ba zan ambaci kamfanin da ya ƙera ta ba, tun da wannan shafi ba na talla ba ne.

Madubin da ke cikin kyamararka aikinsa shi ne ya karkatar da haske zuwa tagar da kake leƙawa, sannan ya ɗaga sama a duk lokacin da ka danna, wanda shi ne ƙarar da kake ji. A sabon tsari an cire shi, haske yana faɗawa kai tsaye a kan sensa, wato ɗan faifan da yake karɓar haske ya mayar da shi hoto, abin da kake gani a tagar leƙe kuwa hoto ne na ɗan ƙaramin allo. Panasonic ne ya fara fitar da irin wannan kyamara a 2008, Sony ya biyo baya a 2010, sannan a 2018 Canon da Nikon suka shigo da manyan samfuransu, daga nan ne kasuwa ta juya. Cire madubin ya sa gilashi ya matso kusa da sensa: a tsarin EF na kyamararka tazarar milimita 44 ce, a sabon tsarin RF na Canon marar madubi kuwa milimita 20. Wannan rata ta milimita 24 ita ce amsar tambayarka ta biyu, domin adaftar da Canon yake sayarwa zobe ne da yake cike wannan gurbi, babu gilashi a cikinsa, saboda haka ba ya taɓa kyawun hoto, kuma gilasanka na EF za su ci gaba da saita kansu kamar yadda ka saba. Idan ka tsaya a gidan da kake, wato Canon, ba ka da dalilin sayar da ko ɗaya daga cikinsu. Sai dai ka yi hattara da masu tallar kyamarorin Canon EOS M na hannu da araha, domin kamfanin ya daina ƙera wannan jeri, kuma gilasansa na EF-M ba sa hawa kan RF.

Abin da ya fara burge ni a gwajina shi ne rashin nauyi. Jikin kyamarar bai kai rabin kilo ba, na rataya ta tun hantsi na bi ta Babbar Kasuwa har na gangara gadar Kwalkwalawa, wuyana bai yi tsami ba. Akwai kuma wata riba da ban yi tsammani ba: mutane ba sa tsarguwa da ita. A rumfar wani baduku na nemi izini na zauna, dattijon ya dube ta ya ce, "Wannan 'yar abar ce za ta yi hoton?", sannan ya mayar da kansa ga jar fatar da yake yi wa ado da zare kore, ya manta da ni. Na sa ta a yanayin da ba ta ƙara ko kaɗan, na ɗauki yatsunsa suna tura basilla, har tsagar da ke kan babban yatsansa ta fito. Da babbar kyamara ce mai ƙas-ƙas, da ya miƙe ya gyara hula ya ƙame, hoton ya zama na katin shaida. Wannan shirun zai yi maka amfani wurin ɗaurin aure da majalisin karatu, inda ƙarar kyamara take sa manya su ɗago kai. Haka kuma tana gane idon mutum ta bi shi ko yana motsi, abin da zai rage maka asarar hotuna idan amarya ta shigo cikin ƙawaye.

Amma maganar da na fi so ka riƙe ita ce ta gilashi, domin a nan ne mutane suke zubar da kuɗi ba su sani ba. Gilashin da ake haɗowa da irin wannan kyamara ƙarami ne mai jawo nesa kusa, kuma da rana tsaka bai gaza ba. Matsalarsa ƙofar haskensa ce, wadda take tsukewa har zuwa f/6.3 idan ka jawo shi ƙarshe (gwargwadon girman lambar f, gwargwadon ƙanƙantar ƙofar). Ɗaya gilashin da aka ara mini na milimita 50 ne mai f/1.8, wanda ba ya jawowa, sai dai ka taka da ƙafarka, amma hasken da yake shigarwa ya ninka na farkon kusan sau 12. Na gwada su biyun a zaure guda bayan magariba, a ƙarƙashin ƙwan lantarki ɗaya. Na farko ya ba ni fuskoki masu yashi-yashi da hannuwa da suka jirwaye, na biyu kuwa ya fitar da aikin wuyan babbar riga zare-zare, ya narkar da bangon da ke baya. Kyamara ɗaya, minti ɗaya, ɗaki ɗaya. Aikinka na cikin zauruka ne da rumfunan dare, don haka idan kana da irin wannan gilashi a cikin ukun nan naka, to shi ne jarinka, ba jikin kyamara ba.

Ka kuma lura da girman sensa. Mafi yawan ƙananan kyamarorin nan suna ɗauke da wadda ake kira APS-C, wadda ba ta kai babbar nan mai milimita 36 da 24 ba, saboda haka tana matse abin da gilashi yake gani da ninki 1.6 a Canon, ko 1.5 a Sony da Nikon da Fujifilm. Gilashin 50 sai ya koma kamar 80 ko 75, wanda ya dace da hoton mutum ɗaya, amma a ɗakin amarya da aka cika da jere sai bayanka ya taɓa bango dangi ba su gama shiga ba. Domin hoton taro a matsattsen wuri kana bukatar wani abu tsakanin milimita 16 da 24.

Sai ƙura, wadda masu ƙera kyamara ba su zauna a Sakkwato sun ga irin tamu ba. A tsohuwar kyamararka, idan ka cire gilashi, madubi da labulen da ke bayansa suna kare sensa. A yawancin ƙananan nan kuwa da ka kwance gilashi sensa ce take kallonka tsirara. Na yi gangancin sauya gilashi a bakin Kwalkwalawa iska tana kaɗawa, da na koma gida na tarar da ɗigo uku baƙaƙe a sararin samaniyar kowane hoto, a wuri guda ba sa gusawa. Laifina ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo yake rufe gari, ka sauya gilashi a cikin ɗaki ko cikin mota, ka kashe kyamarar tukuna, ka kifa bakinta ƙasa, kuma ka mallaki ɗan famfon roba na hura iska. Kada ka hura da baki, kada kuma ka kai bakin riga wurin. Idan kana son ka san ko ƙura ta shiga, ka tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ka ɗauki farin bango, duk abin da ya ɓuya zai bayyana.

Zafi da batir ma abin dubawa ne. Littattafan yawancin kyamarorin nan suna iyakance aikinsu a digiri 40, mu kuwa a watan Afrilu mukan wuce haka, don haka dogon bidiyo a rana zai iya sa ta kashe kanta har sai ta huce. Kuma da yake allonta da sensarta kullum a kunne suke, tana shan batir fiye da wadda ka saba. Kada ka je biki da ƙasa da batir uku. Idan kuma ka ga ratsi-ratsi a hoto ƙarƙashin fitilun zamani, ka fita daga yanayin shiru, ko ka sa saurin ɗaukarta a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa, domin wutarmu tana bugawa sau 50 ne a daƙiƙa.

Shawarata ita ce ka sayi jiki da adafta kawai, ka riƙe gilasanka, ka kuma ajiye tsohuwar ta zama ta biyu, domin ranar hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Musulmi, inda kofaton dawakai yake tayar da ƙura, za ka so kowace kyamara tana da nata gilashin a ɗaure tun daga gida.

TAMBAYA: Malam, ni matar aure ce a Runjin Sambo, ina sayar da atamfa da jakunkunan fata ta WhatsApp. In sayi irin wannan kyamara ko wayata ta isa?

AMSA: Hajiya, a yanzu wayarki ta isa, domin WhatsApp yana matse hoto ya zubar da mafi yawan abin da kyamara za ta ƙara miki. Abin da yake ɓata hoton atamfa haske ne. Ki shimfiɗa kayan a inuwar tsakar gida da hantsi, a kan farin zane, ki goge idon wayar, ki kashe fitilarta, sannan ki kwatanta launin da ya fito da na hannunki kafin ki tura, saboda ja da ruwan goro su ne suka fi sauyawa. Ranar da kika fara buga kasidar kayanki a takarda, ki sake rubuto mana mu yi maganar kyamara da gilashin da zai fitar da ɗinkin jaka.